Amsa ga mai fotal ɗin da ke aiki a laptof amma ya ƙi tashi a hostin

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce kana Gombe, ka gina wa wata makarantar kuɗi fotal na duba sakamako da biyan kuɗin makaranta da Laravel, wato tsarin gina shafin intanet da yaren PHP, a laptof ɗinka da XAMPP mai mai da laptof kamar saba komai lafiya lau, da ka ɗora shi a hostin ta cPanel, wato shafin da ake sarrafa ajiyar shafinka a intanet, sai ga 500 Server Error, yau kwana uku kenan kana kwaso kod daga ChatGPT da YouTube kana zubawa, har ta kai yanzu ko a laptof ɗin ma ya daina tashi, ga mai makaranta na ta kiranka don hutu ya kusa ƙarewa. Sannan ka tambaya mu da muka ɗan daɗe a harkar, da wane kayan aiki muke yi kuma ta ina muke fara neman matsala.

Toh ni ina nan Bauchi, na daɗe ina irin waɗannan ayyukan na makarantu da shaguna, kuma abin da zan fara faɗa maka shi ne ka ɗauke hannunka daga kod ɗin nan yanzu yanzu. Kar ka sake canza ko layi ɗaya. Abin da kake yi kwana ukun nan lalube ne a duhu, domin har yanzu ba ka ga matsalar da idonka ba. 500 ɗin nan da kake gani ba ita ce matsalar ba, sanarwa ce kawai saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, take yi maka cewa wani abu ya fashe a ciki, shi kuma ainihin abin da ya fashe ɗin an rubuta shi a wani wuri yana nan yana jiranka ka je ka karanta. Kamar mutum ne yana zazzaɓi ya shiga kemis yana sayen magani kala kala bai je an ɗebi jininsa ba, ƙarshe ga cutar farko tana nan ga ta magungunan ta hau kai, wannan shi ne ya sa laptof ɗin naka ma ya tsaya.

Shiga File Manager na cPanel, ka buɗe foldar aikin, ka bi storage sai logs sai fayil ɗin laravel.log. Ka gangara can ƙasa don sabon abu a ƙasa yake. Zaka ga rubutu jibgi guda mai lambobi #0 #1 #2 har zuwa talatin ko fiye, kar ya firgita ka, yawancinsu suna nuna foldar vendor ne wato kayan Laravel da kansa, ba ruwanka da su. Ka ɗan hauro sama har ka sami layin da ya fara da kwanan wata da lokaci sannan kalmar ERROR, wannan layin ɗaya shi ne maganar gaba ɗaya. Ka karanta shi a hankali kalma bayan kalma, in Turancin ya yi maka nauyi ka fassara shi, amma dai ka karanta. Wallahi da yawan yaran da suke zuwa wajena ba rashin iya kod ne damuwarsu ba, da sun ga jan rubutu sai su rufe ido su gudu neman wanda zai ba su amsa, alhali amsar tana cikin jan rubutun.

In ka tarar laravel.log ɗin babu komai ko ma babu shi, wannan ma labari ne, yana nufin abin ya mutu tun kafin Laravel ya farka ko kuma ba a ba shi izinin rubutu a foldar ba. Sai ka nemi fayil mai suna error_log a cikin public_html, ko ka duba Errors a shafin farko na cPanel.

Ban ga log ɗinka ba amma daga yadda ka ba da labarin nan zan iya faɗa maka inda aka fi samun ta. Fayil ɗin .env, inda ake ajiye saitin aikin da fasuwod da makullai, sau da yawa ba ya biyo kaya saboda sunansa ya fara da ɗigo, ɓoyayye ne, sai ka kunna Show Hidden Files kafin ma ka gan shi, in babu shi ko APP_KEY babu komai zaka ga an rubuta No application encryption key has been specified. In ka ga 1045 Access denied for user to bayanan databes ne, ka tuna cPanel yana liƙa sunan akawun ɗinka a gaban sunan databes da sunan mai amfani, kuma ƙirƙirar su biyun bai isa ba sai ka haɗa su ka ba da izini. In ka ga Permission denied to foldar storage ce da bootstrap/cache, ka sa musu lambar izini 755 ko 775, kar ka bi masu cewa ka sa 777 don wannan buɗe ƙofar gida ne ka tafi kasuwa. Sai sigar PHP, Laravel 10 yana son 8.1 zuwa sama, Laravel 11 kuma 8.2, hostin da yawa kuma suna barin ka a tsohuwa sai ka je ka zaɓa da kanka.

Akwai guda biyu da nake so in tsaya a kansu don su suka fi cin mutanen da suka taso a Windows. Na farko manyan baƙaƙe da ƙanana. Windows bai damu ba, in fayil sunansa Logo.png ka kira shi logo.png zai kawo maka, amma sabar hostin kusan duka Linux ce kuma a wajen Linux waɗannan fayiloli biyu ne daban. Haka in foldarka admin ce ka rubuta Admin.dashboard a kod, a laptof zai wuce sumul, a saba sai View not found. Na biyu tsohuwar ajiya. In ka taɓa buga php artisan config:cache a laptof sannan ka naɗe foldar duka ka ɗora, to akwai fayil config.php a cikin bootstrap/cache da ya haddace hanyoyin laptof ɗinka irin su C:\xampp\htdocs da tsohon fasuwod, kuma muddin yana nan Laravel ba zai ko kalli sabon .env ɗinka ba. Sai mutum ya yi ta gyara .env sau ashirin yana rantsuwa daidai ya rubuta, kuma gaskiyarsa ne daidai ya rubuta, ba a karantawa ne. In kana da Terminal a cPanel ka buga php artisan config:clear, in babu ka goge config.php ɗin da ke cikin bootstrap/cache da hannu, shikenan.

Wani zai ce maka ka mai da APP_DEBUG zuwa true don kuskuren ya fito a fuskar shafi. Zai fito kam, amma duk wanda ya buɗe shafin a lokacin shi ma zai ga cikin kod ɗinka, don haka in dole ta sa ka yi, ka duba ka mayar false a take. Kuma ka tabbata adireshin makarantar yana nuna foldar public ce ba uwar foldar ba. Gwada rubuta adireshin ka ƙara /.env a ƙarshe, in ya buɗe maka to ka sani ya buɗe wa duniya, ka gyara sannan ka canza fasuwod ɗin databes da makullan biyan kuɗi duka. Bayanan yaran mutane ne a ciki, sunayensu da hotunansu da lambobin iyayensu, amana ce aka ba ka.

Yanzu maganar laptof ɗin da ya daina aiki. Na tabbata ba ka amfani da Git, manhajar da ke ajiye tarihin duk canjin da ka yi wa kod, don da kana yi da ba ka ce ba ka san abin da ka canza ba. Nasan yadda ake yi, fotal, fotal2, fotal_sabo, fotal_na_karshe, fotal_na_karshe_gaske. Git tun 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro shi don aikin Linux, kyauta ne, kuma abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne Git daban GitHub daban, GitHub shafi ne a intanet da ake tura aikin Git a ajiye, shi Git ba ya buƙatar intanet ko kaɗan. Ko an ɗauke wuta ko datarka ta ƙare zaka iya git commit, wato kwamit, ka adana kod ɗin yadda yake a lokacin, sai ranar da ka sami netwok ka tura GitHub. Ni duk lokacin da abu ɗaya ya yi aiki, ko gyaran maɓalli ɗaya ne, sai na yi kwamit na rubuta abin da na yi a taƙaice, ko da Hausa ne. In na yi ta gwaje-gwaje abu ya rikice, git diff zai nuna min layi layi abin da na taɓa tun kwamit na ƙarshe, git stash kuma ya kwashe shirmen ya ajiye gefe ya dawo da ni inda nake lafiya. Ranar da wani abu da ke aiki makon jiya ya lalace ban san yaushe ba, akwai git bisect, ka nuna mishi kwamit mai kyau da marar kyau sai ya dinga raba tsakiya yana tambayarka nan fa, kwamit 64 tambaya shida ta ishe shi ya kamo mai laifin. Amma wannan sai in kwamit ɗinka ƙanana ne, in aikin wata guda ka dunƙule a kwamit ɗaya ba abin da zai iya yi maka.

A halin da kake ciki, ka nemo zif ɗin da ka ɗora a hostin ranar farko, mai yiwuwa yana nan a cPanel ko a Downloads, wannan shi ne kod ɗinka na ƙarshe mai lafiya. Ka warware shi a sabuwar folda, git init, kwamit, daga nan ka fara. Sannan ka riƙe wannan da kyau, canji ɗaya gwaji ɗaya. Kafin ka taɓa komai ka faɗa wa kanka ina zargin kaza ne, in gaskiya ne to in na canza kaza zan ga kaza. In bai yi ba ka mayar da shi yadda yake kafin ka gwada na gaba. Mutane suna ganin wannan ɓata lokaci ne, amma kai ka ga abin da gaggawa ta ci maka, kwana uku.

Bari in ba ka labarin wani aiki da ya koya min zama kusa da mai amfani da abu. Wata makaranta a nan cikin gari suka kira ni, wani ne ya gina musu fotal da PHP zalla ya tafi, lokacin rajistar sababbin ɗalibai yawanci suna shiga amma wasu in an danna sai shafin ya dawo kamar ba a yi komai ba, babu saƙon kuskure babu komai. Kowa ya ce netwok ne, har sun canza layi. Na duba kod a gida ban ga komai ba don ni duk gwajin da nake yi da Musa Ali nake yi ko Test Test. Washegari na je na ja kujera na zauna kusa da sakatariyar, na ce Hajiya don Allah ki ci gaba da aikinki kamar bana nan, in ya ƙi ki nuna min. Ashe ita tana da wata takarda da take rubuta sunayen waɗanda suka ƙi shiga don ta sake gwadawa da yamma, ta miƙo min, ina dubawa sai na ga Sa'adatu, Mu'azu, Asma'u, Shu'aibu, Rabi'u, Ja'afar. Duk cikinsu babu wanda ba shi da wannan ɗan waƙafin sama a sunansa. Wanda ya rubuta kod ɗin yana ɗaukar sunan ne ya manna shi kai tsaye cikin umarnin SQL, yaren da ake magana da databes da shi, shi kuma SQL da wannan alamar yake gane farkon rubutu da ƙarshensa, to da ya zo Sa sai ya ga alama ya ɗauka sunan ya ƙare, sauran adatu ya zame mishi shirme ya fashe, kuma an rufe bakin kuskuren ba ya fitowa. Gyaran bai kai awa ɗaya ba, na mai da su prepared statement na PDO inda umarni ke tafiya daban bayani daban. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ramin da Sa'adatu ta faɗa shi ne dai ramin da ɓarawo zai bi ya kwashe databes ɗin duka ko ya canza wa yaro sakamako, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kai da kake Laravel, Eloquent, hanyar Laravel ta magana da databes, yana kare ka daga wannan, sai dai in ka shiga DB::raw ko whereRaw kana haɗa rubutu da hannu, kuma kod ɗin da ake kwasowa a intanet yana yawan zuwa da irin wannan, ka bincika naka.

Tun daga ranar na daina gwaji da sunayen da ba namu ba. Ina da jerin da nake zubawa a kowane fom, suna mai waƙafin sama, suna mai ƙugiya irin Ɗanjuma da Ɗahiru da Ƙasimu, suna mai tsawo, lambar waya da 0 a gaba da kuma mai +234. Masu ƙugiyar nan in teburin databes ɗinka da tsarin baƙaƙe na latin1 yake zasu koma alamar tambaya, ka ga ?anjuma a katin sakamako, kuma tsofaffin MySQL kafin 8.0 da latin1 suke zuwa in ba ka canza ba, ka tabbata komai utf8mb4 ne musamman in ka shigo da tsohon tebur ta phpMyAdmin. In kana fitar da sakamako ko rasit a PDF da dompdf ka duba alamar ₦ da ƙ da ɗ sun fito, in ba su fito ba ka sa rubutun DejaVu Sans, yana zuwa tare da shi.

Kayan aiki kuma ba wasu masu yawa nake da su ba, VS Code, Git, taminal, sai burauza. Wanda aka fi rainawa shi ne F12 a Chrome, maɓallin da ke buɗe kayan binciken shafi irin su Network da Console. Bayan 500 ɗin nan ta tafi ina kyautata zaton zaka haɗu da shafi ya buɗe amma tsirara babu kwalliya, ko maɓalli ka danna shiru. Buɗe Network, ka sa alama a Disable cache, ka sake loda shafin, ka nemi layukan da suka yi ja ka danna ka ga adireshin da aka nema da amsar da ta dawo. 404 babu abin a wurin, 403 an hana ka, 419 a Laravel matsalar lambar tsaron fom ce da ake kira CSRF ko zaman mai amfani ya ƙare, 500 ka koma log. Ka lura sosai ko akwai layin da ke neman localhost ko 127.0.0.1. In kana amfani da Vite, mai haɗa fayilolin kwalliyar shafi, akwai wani ɗan fayil mai suna hot da yake ajiyewa a foldar public lokacin da npm run dev ke gudana, in ya bi ka zuwa saba shafin zai dinga neman kwalliyarsa a localhost:5173, abin haushin kuma a laptof ɗinka zai iya fitowa daidai don naka yana kunne, sai a wayar mai makaranta ne zai fito a wargaje, kai kana cewa yana yi shi yana cewa ba ya yi kuma duk ku biyun gaskiya kuke faɗa. Ka buga npm run build, ka ɗora public/build, ka goge hot.

Kuma ka tuna iyayen da zasu shiga fotal ɗin nan ba da laptof zasu shiga ba, da Tecno da itel da Infinix ne, wani yana Kumo wani yana Bajoga wani yana ƙauyen da sai ya fito bakin titi yake samun sabis. A Network ɗin nan akwai inda zaka rage gudun intanet zuwa 3G ka ɗanɗana abin da suke sha. Ka ari ƙaramar waya, ka kunna USB debugging, ka jona ta da laptof ka rubuta chrome://inspect, zaka ga Console na wayar a gabanka. A nan ne zaka gane in netwok ya yi nauyi uba zai danna maɓallin biya sau uku, don haka ka kashe maɓallin bayan dannawar farko kuma a saba ka hana lambar ciniki ɗaya shiga sau biyu. Tunda akwai kuɗi a aikin, in Paystack kake amfani da shi wajen karɓar kuɗi ta intanet, a kobo yake karɓar adadi, ₦5,000 sai ka tura 500000, kai ma ka ajiye kuɗi a kobo a databes kar ka yi lissafinsu da lamba mai ɗigo, buɗe Console ka rubuta 0.1 + 0.2 ka ga 0.30000000000000004 da idonka. Kar ka rubuta wa ɗalibi ya biya don kawai burauza ta dawo shafin nasara, sabarka ta tambayi Paystack da kanta ta tabbatar da adadin. Ka yi duk gwajinka da makullin sk_test kafin ka sa na gaske. Agogo ma ka duba, Laravel da UTC yake zuwa mu kuma muna gaba da awa ɗaya, wanda ya biya ƙarfe 12:30 na dare zai fito a lissafin jiya, ka sa Africa/Lagos a config/app.php tun kafin a fara shigar da bayanan gaske.

ChatGPT ɗin ban ce ka bar shi ba, nima ina amfani da irinsu kullum. Amma in ka ce mishi shafina yana ba da 500 ka gyara min, bai ga sabarka ba, zai jero maka abu goma ne da ka iya zama, kai kuma ka zuba duka goman. In ka ba shi ainihin layin kuskuren da sigar PHP da ta Laravel ka ce ya bayyana maka ma'anarsa, nan zai yi maka amfani sosai. Duk kod ɗin da ba zaka iya bayyana wa wani abin da yake yi ba kar ka sa shi a aikin mutane, kuma kar ka taɓa manna mishi .env ɗinka.

Shi kuma mai makaranta ka ɗaga wayarsa yau, ka ce ranka ya daɗe aikin yana nan, wajen ɗora shi a saba ne aka sami tangarɗa, ka ba shi ranar da kake da tabbacin zaka cika har da ɗan rara. Shirun da kake yi ya fi ɓata maka suna a wajensa fiye da jinkirin.

In ka buɗe log ɗin ka kwafo min layin ERROR na ƙarshe da layi biyar na ƙasansa, ka goge duk wani fasuwod ko makulli da sunan akawun ɗinka kafin ka turo, ka haɗa da sigar PHP da cPanel ke nunawa da wadda php -v ke nunawa a laptof, sannan ka faɗa min ko kana da Terminal a hostin ɗin ko babu. Ina dubawa bayan Isha'i in sha Allah.